Baƙin Tsuntsu: Tarihin Jirgin Saman Da Ba A Taɓa Harbo Shi Ba

A ranar 28 ga watan Yuli na shekarar 1976, wani jirgin saman sojan Amurka ya tashi daga sansanin Beale da ke jihar Kalifoniya, ya yi gudun kilomita 3,529 a cikin sa'a guda. Idan mai karatu ya raba wannan adadi, zai tarar jirgin yana cin kusan kilomita ɗaya a kowace daƙiƙa, wato ya fi harsashin bindigar AK-47 sauri a lokacin da yake fita daga bakinta. A wannan rana dai wani ɗan'uwansa ya miƙe sak a tsayin mita 25,929 daga ƙasa, inda sama kan rine ta yi duhu da rana tsaka, kuma matuƙi kan hango yadda duniya ta lanƙwasa. Sunan wannan jirgi SR-71, amma an fi saninsa da laƙabin Blackbird, wato baƙin tsuntsu.

Tun daga wannan rana babu wani jirgi mai injin jet, wanda mutum ke tuƙawa, da aka tabbatar a hukumance ya wuce wannan gudu. Kwamfuta ta ci gaba, wayar tarho ta shiga aljihun kowa, amma gudun jirgin sama ya tsaya inda mutanen shekarun 1960 suka bar shi, mutanen da yawancin lissafinsu da fensir da rular lissafi suka yi shi. To, me ya sa haka? Amsar tana cikin dalilin da ya sa aka ƙera jirgin tun farko, da kuma abin da ya faru bayan wannan dalili ya gushe.

Mafarin tseren

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1944, Jamus ta fito da Messerschmitt Me 262, jirgin yaƙi mai injin jet na farko da ya shiga fagen daga. Yana gudun kilomita kusan 870 a sa'a, ya bar jiragen farfela a baya. Bai ceci Jamus ba, amma ya nuna wa ƙasashen da suka ci yaƙin inda aka dosa.

Shingen da ke gaba shi ne saurin sauti, wanda a kusa da ƙasa ya kai kilomita 1,235 a sa'a, a can sama kuma inda ake sanyi ya ɗan ragu. Masana suna auna gudun jirgi da wannan sauri, suna kiransa Mach, domin tunawa da Ernst Mach, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya. Mach 1 shi ne saurin sauti, Mach 2 ninkinsa biyu, haka dai har gaba. A ranar 14 ga Oktoba, 1947, Chuck Yeager ya keta wannan shinge a cikin wani ɗan ƙaramin jirgin roka mai suna Bell X-1. Bayan shekara ashirin, a ranar 3 ga Oktoba, 1967, Pete Knight ya kai kilomita 7,274 a sa'a cikin jirgin X-15. Sai dai shi X-15 roka ce mai fukafukai. Wani babban jirgi ne ke ɗaukarsa sama ya sake shi, man injinsa kuma cikin ƙanƙanin lokaci yake ƙarewa. Wahalar da ta rage ita ce a sami jirgin da zai tashi da ƙafarsa, ya kai Mach 3, ya zauna a kan wannan gudu fiye da sa'a guda. Babu ƙasar da za ta zuba dukiyarta a irin wannan aiki don nishaɗi. Tsoro ne ya biya kuɗin.

Idon da aka tsone

Bayan Tarayyar Sobiyet ta gwada bom ɗin nukiliya a 1949, babban abin da ya hana shugabannin Amurka barci shi ne rashin sanin abin da ke cikin wannan ƙasa mai faɗi, wadda ta rufe ƙofofinta. Jiragen kai bom nawa gare ta? Ina take ajiye makamanta masu linzami? A taron birnin Janeba na 1955, Shugaba Eisenhower ya nemi kowane ɓangare ya yarda ɗayan ya riƙa ɗaukar hoton sansanoninsa daga sama, Sobiyet ta ƙi. Abin da ba a samu da lalama ba, sai aka shiga nemansa ta hanyar leƙe.

Hukumar leƙen asiri ta CIA ta ba kamfanin Lockheed aikin, shi kuma ya danƙa shi a hannun Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly, shugaban wani ɓoyayyen sashe na kamfanin da ake kira Skunk Works a garin Burbank. Jirgin da ya ƙera, U-2, ba shi da gudun kirki. Dogayen fukafukai gare shi kamar na mikiya, dabararsa kuwa ita ce hawa sama har kilomita 21, inda ake zaton babu abin da zai kai gare shi. A ranar 4 ga Yuli, 1956, ya fara ratsa sararin Sobiyet. Na'urorin rada na Sobiyet sun gan shi tun daga tafiye-tafiyen farko, illa dai ba su da sandar da za ta kai inda yake. Amurkawa suka gane cewa kwanakinsa ƙididdigaggu ne, saboda haka tun a 1959 suka zaɓi zanen Kelly Johnson na magajinsa.

Ranar da ake gudu ta zo a 1 ga Mayu, 1960. Francis Gary Powers ya taso daga Peshawar ta ƙasar Pakistan da niyyar sauka a Nowe, sai makami mai linzami samfurin S-75 ya kakkaɓo shi kusa da birnin Sverdlovsk. Amurka ta yi saurin cewa jirgin binciken yanayi ne ya ɓace hanya, tana zaton matuƙin ya mutu. Khrushchev ya bari sai da suka gama shirga ƙaryarsu, sannan ya bayyana cewa matuƙin yana hannu da ransa, ga kuma hotunan da ya ɗauka. Taron manyan ƙasashe da aka shirya a birnin Faris na Faransa a wannan wata ya watse. Shi kuwa Powers sai a Fabrairun 1962 aka yi musayarsa da ɗan leƙen asirin Sobiyet, Rudolf Abel. Darasin ya fito fili: tsayi kaɗai ba ya kare jirgi, sai an haɗa da gudun da zai sa kafin makami ya hau sama, abin harin ya riga ya yi nisa.

Magajin ya fara tashi a watan Afrilu na 1962 a wani ɓoyayyen fili cikin hamadar Nebada. Sunansa A-12, mai kujera ɗaya, mallakar CIA. Daga jikinsa aka fitar da SR-71 na rundunar sojan sama, mai kujera biyu, ɗaya ta matuƙi, ɗaya ta jami'in da ke kula da kyamarori da na'urori. Ya fara tashi a ranar 22 ga Disamba, 1964, ya kama aiki a 1966. Tsawonsa mita 32.7, faɗin fukafukansa mita 16.9.

Yaƙi da zafi

Duk wanda ya ga hoton wannan jirgi zai ce an zana shi ne don ya ba da tsoro: baƙi wuluk, dogon wuya, gefuna masu kaifi kamar wuƙa, da wasu tsinaye biyu a bakin injinansa. Amma yawancin waɗannan siffofi larura ce ta haife su, kuma babbar larurar ita ce zafi.

Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san yadda famfo kan ɗauki zafi a hannu, domin iska in an matse ta sai ta yi zafi. Jirgin da ke gudun Mach 3 yana matse iskar da ke gabansa, yana kuma gogar ta da jikinsa. Ko da yake sanyin wajen ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, fatar jirgin takan haura digiri 260, wajen mafitar injin kuwa ya ninka haka. Alminiyam, wanda da shi ake ƙera yawancin jirage, yakan yi laushi a irin wannan zafi. Baƙin ƙarfe kuma ya yi nauyi. Sai aka koma ga titaniyam, ƙarfe mai ƙwari, marar nauyi, mai jure wuta, aka yi kusan kashi 85 cikin ɗari na jikin jirgin da shi. A nan ne abin dariya ya shigo: Amurka ba ta da isasshen titaniyam, babbar mai shi kuwa ita ce Tarayyar Sobiyet. CIA ta kafa kamfanonin bogi a wasu ƙasashe, ta riƙa saye ta bayan fage. Da ƙarfen Sobiyet aka ƙera jirgin da zai leƙi Sobiyet.

Samun ƙarfen bai kawo ƙarshen wahala ba, don babu wanda ya taɓa sarrafa shi da yawa haka. Bakin na'urar huda ƙarfe yakan dakushe bayan 'yan ramuka kaɗan, sai da aka ƙirƙiro sababbi. An lura cewa waldar da aka yi da rani tana saurin lalacewa, ta hunturu kuwa tana daɗewa. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa hukumar ruwan garin Burbank tana ƙara sinadarin kulorin a ruwan famfo da rani, shi kuwa yana cin titaniyam, aka koma wanke ƙarfen da tataccen ruwa. Haka kuma kawunan kusoshi suka riƙa guntulewa in sun sha zafi, aka gano laifin sinadarin kadmiyam ne da aka shafe sifanun makanikai da shi, dole aka kwashe su daga akwatunan aiki.

Kowane maƙeri ya san ƙarfe yana buɗewa in ya sha wuta. Domin haka aka bar 'yan tazara tsakanin fallayen jikin jirgin, aka kuma yi wa fatar fukafukansa gurɓi-gurɓi kamar kwanon rufi, don ta sami wurin miƙewa ba tare da ta tsage ba. Da yake fatar jirgin ita ce bangon tankin mai, in yana ajiye a ƙasa sai a ga mai yana ɗiga daga cikinsa. Sai ya hau sama ya yi zafi sannan fallayen su matse, yoyon ya tsaya. Baƙin fentin ma yana da aikinsa, domin baƙin abu ya fi saurin fitar da zafin da ke jikinsa, kuma an cuɗa fentin da ƙwayoyin ƙarfe masu rage abin da rada ke gani. Gefunan nan masu kaifi su ma suna taimakawa wajen ɓatar da rada, suna kuma ƙara wa jirgin ƙarfin ɗagawa. Tayoyinsa an haɗa robarsu da garin alminiyam, an cika su da iskar naitirojin maimakon iskar da muke shaƙa, don kada su kama da wuta.

Inji da mai

Man jirgi na yau da kullum ba zai zauna lafiya a tankin da ya yi zafi haka ba. Aka haɗa wani mai na musamman, JP-7, mai wuyar kamawa da wuta. Kafin a ƙona shi sai ya zagaya jikin jirgin yana kwashe zafi daga ɗakin matuƙa da na'urori. To, man da ba ya son wuta yaya za a kunna shi? Sai aka riƙa fesa masa wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TEB, wanda da ya haɗu da iska yake kamawa da kansa, ya ba da wani koren harshen wuta. Shi kansa injin, J58 na kamfanin Pratt & Whitney, a shekarun farko sai an kawo amalanke mai ɗauke da injinan mota Buick guda biyu sun juya shi kafin ya tashi.

Tsinayen nan biyu na bakin injina su ne zuciyar al'amarin. Injin jet ba ya iya haɗiyar iskar da ta fi sauti gudu, sai an rage mata sauri. Tsinin yakan ja da baya a hankali yayin da gudu ke ƙaruwa, har santimita 66, yana karya ƙarfin iskar yana matse ta kafin ta isa injin. Ben Rich, wanda daga baya ya gaji Kelly Johnson, shi ya jagoranci wannan ɓangare. In aka sami kuskure kaɗan a wannan tsari, injin ɗaya kan amayar da iskarsa nan take, jirgin ya fizge gefe da ƙarfin da zai buga kan matuƙi da gilashi. A watan Janairu na 1966 irin wannan matsala ta wargaza wani jirgi a sama yana gudun da ya wuce Mach 3. Matuƙin, Bill Weaver, ya tsira da lema, abokin aikinsa Jim Zwayer ya rasu. Matuƙan sukan sa tufafi irin na 'yan sama jannati, domin a wannan tsayi mutum ba zai rayu ba in iskar ɗakin ta zube. Hanya kuwa wata na'ura ce ke nuna ta, wadda ke bin taurari ko da rana tsaka.

A bakin aiki

SR-71 ba ya ɗaukar bindiga ko bom. Makaminsa kyamara da rada da na'urorin sauraro, kuma cikin sa'a guda yana iya ɗaukar hoton ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 260,000. Yawanci yakan tashi da man da bai cika tanki ba don rage nauyi, sannan ya sha mai a sama daga jirgin tanka. Daga 1968 ya riƙa tashi daga sansanin Kadena a tsibirin Okinawa na Japan zuwa Biyetnam ta Arewa, mutanen tsibirin suka sa masa suna Habu, sunan wani macijinsu mai dafi. A yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, da Ingila ta hana a yi amfani da filayenta, sai ya taso tun daga jihar Niyok, ya ratsa fagen yaƙin, ya koma gida, tafiyar fiye da sa'a 10. A 1981 Koriya ta Arewa ta harba masa makami ta kuskure. A 1986 shi aka aika ya ɗauko hoton ɓarnar da hare-haren Amurka suka yi a Libiya. Tsakiyar ƙasar Sobiyet kuwa, wadda dominta aka ƙera shi, bayan abin kunyar 1960 shugabannin Amurka sun daina yarda a ratsa ta da jirgi mai matuƙi, sai dai ya bi gefen iyakokinta yana leƙe.

An harba masa makamai masu yawa a tsawon aikinsa, kuma abin da matuƙi kan yi shi ne ya ƙara wuta. Guda 32 aka ƙera, 12 suka salwanta a haɗurra, amma ko ɗaya abokan gaba ba su harbo ba.

Sobiyet ma ba ta naɗe hannu ba. Jirginta MiG-25, wanda ya fara tashi a 1964, ya firgita ƙasashen Yamma ƙwarai. A ranar 6 ga Satumba, 1976, wani matuƙi mai suna Viktor Belenko ya gudu da ɗaya ya sauka a Hakodate ta Japan. Aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka duba, sannan aka mayar wa masu shi a cikin akwatuna. Sai aka tarar yawancinsa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa walda, yana da nauyi, na'urorinsa na tsofaffin kwalaben lantarki ne irin na rediyon da, kuma in ya wuce Mach 2.8 injinansa na iya lalacewa. Duk da haka ba abin rainawa ba ne. Ya fi sauƙin ƙerawa da gyara, an yi fiye da dubu, kuma da wani samfurinsa ne Alexander Fedotov ya cilla sama har mita 37,650 a 1977, tsayin da jirgi mai injin jet bai sake kaiwa ba.

Da kiɗa ya sauya

Abin da ya kayar da Baƙin Tsuntsu ya riga shi haihuwa. A watan Agusta na 1960, wata uku da harbo Powers, tauraron ɗan'adam na shirin Corona ya jefo fim ɗinsa na farko daga sararin samaniya, kuma faɗin ƙasar Sobiyet da ya ɗauko a wannan karo guda ya fi na dukkan tafiye-tafiyen U-2 a haɗe. A Disamban 1976, shekarar da SR-71 ya kafa tarihinsa, aka harba tauraron KH-11 mai aiko da hoto ta na'ura ba tare da fim ba. Shi kuwa SR-71 sai ya sauka an kwashe fim an wanke. Ga tsadar mansa, ga rundunar jiragen tanka da ke yi masa hidima shi kaɗai, ga ɗimbin ma'aikatan da kowane tashi ke bukata. Sannan dabarar yaƙi ta sauya daga gudu zuwa ɓuya. Jirgin F-117, wanda ya fito daga Skunk Works a 1981, ko saurin sauti ba ya kaiwa, amma da ƙyar rada ke ganinsa.

Katangar Balin ta faɗi a Nuwamban 1989, a farkon 1990 aka sallami SR-71. A ranar 6 ga Maris na wannan shekara, wanda za a kai gidan tarihi na Smithsonian ya yi bankwana da tafiya daga Los Anjalis zuwa Washinton cikin minti 64 da daƙiƙa 20, kamar yadda shi ɗin dai ya taɓa zuwa Landan daga Niyok cikin sa'a 1 da minti 54 a 1974. Masu goyon bayansa sun yi gardama cewa tauraro yana da sanannen lokacin wucewa, abokin gaba na iya ɓoye kayansa, jirgi kuwa ba ya sallama. Majalisar dokokin Amurka ta saurare su, aka dawo da 'yan kaɗan a 1995, amma a 1998 aka sake ajiye su. Hukumar NASA ce ta tashi na ƙarshe a ranar 9 ga Oktoba, 1999. Kelly Johnson bai ga wannan ba, ya rasu a Disamban 1990.

Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. U-2, jirgin nan marar gudu da aka ƙera Baƙin Tsuntsu don ya gaje shi, shi ne ya ci gaba da aiki bayan magajin ya kwanta, har a Fabrairun 2023 wani matuƙinsa ya ɗauki hoton balan-balan ɗin ƙasar Sin da ta ratsa sararin Amurka. Guda 20 da suka rage na SR-71 an adana su, yawancinsu a gidajen tarihi na Amurka, ɗaya kuma a Duxford ta Ingila. Masu sha'awar jirage sukan yi tattaki su tsaya ƙarƙashin fukafukansa, su ƙare wa tsinayen injinan kallo, su duba tazarar da ke tsakanin fallayensa. Ilimin ƙera irinsa bai ɓace ba. Abin da ya gushe shi ne irin tsoron da ya sa wata ƙasa ta ga cewa ko nawa aka kashe a kan ƙarin gudu, araha ne.